Gwani ma yana rafkana: abin da matuƙa ke yi kafin jirgi ya taɓa ƙasa

Ranar da na rako Inna daga Abuja bayan an yi mata aikin ido, karonta na biyu ke nan a jirgin sama. Na farkon tun zuwanta Hajji ne. Muna cikin gangarowa, gonakin gero sun fara bayyana ta taga, sai aka ji gum! daga ƙarƙashin kujerunmu, gurnanin iska ya biyo baya. Inna ta damƙe hannuna da hannunta wanda babu carbi.

"Kai, me ya faɗi?"

"Babu abin da ya faɗi, Inna. Tayoyi ne aka saukar."

"To da can ina suke?"

"A cikin jirgin suke, a naɗe."

Ta ɗan yi shiru tana jan carbinta, sannan ta ce, "Idan direban ya manta bai fito da su ba fa?"

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ba ta dariya ba ce. An taɓa mantawa, ba sau ɗaya ba, kuma waɗanda suka manta ɗin tsofaffin hannu ne. Shi ya sa a daidai lokacin da Inna ke tambayata, can gaba bayan ƙofar da aka kulle, mutum biyu na kan wani ɗan kati, ɗaya na karantawa ɗaya na amsawa. Matuƙa suna ce mashi cekilis. Ni zan kira shi takardar bita, don aikinsa ke nan, bitar abin da aka riga aka yi.

Da na ba da labarin nan a majalisarmu ta Ƙofar Marusa, wani dattijon direba da ya tsufa yana jigila tsakanin Katsina da Daura ya taɓe baki. Ya ce, "Malam, mai duba takarda ai ɗan koyo ne. Ni ko ido rufe sai in kai ka Daura, in faɗa maka inda kowane rami yake kafin Mashi." Ban musa mashi ba, na san zai iya. Abin da Baba direba bai sa a lissafi ba shi ne, ranar da ya manta bai duba ruwan lagireto ba, mota ce za ta yi zafi, ya gangara gefen titi ya nemi rijiya. Na sama ba shi da gefen titi.

Ita kanta takardar, mutuwar gwani ce ta haifar da ita. Ranar 30 ga Oktoban 1935, a filin sojan sama na Wright da ke jihar Ohayo ta Amurka, aka fito da sabon jirgin yaƙi mai inji huɗu na kamfanin Boeing, samfurin 299, don gwaji. Wanda ya zauna a kujerar tuƙi shi ne Manjo Ployer Hill, jagoran masu gwajin jirage a wurin, mutumin da abincinsa ke nan, hawa jiragen da ba a san halinsu ba. Jirgin ya tashi, ya ɗaga hanci sama ya ƙi sauke shi, gudunsa ya ƙare, ya rikito ya kama da wuta. Hill ya mutu. Leslie Tower, babban matuƙin gwaji na Boeing, ya bi shi bayan kwanaki saboda raunukan da ya ji. Da aka bincika, babu abin da ya lalace a jirgin. Akwai wani makulli da ake ɗaure jelar jirgi da shi idan yana ajiye, don kada iska ta riƙa kaɗa ta. Shi aka manta ba a kwance ba. Bayan wannan ne matuƙan sojan suka rubuta wa kansu gajerun layuka na abin da za a duba kafin tashi da kafin sauka. Jirgin da ya kusa mutuwa tun yana jariri shi ya zama B-17, wanda aka ƙera sama da guda 12,000 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Akwai kuskuren fahimta da na ga mutane da yawa suna yi. Suna zaton matuƙi yana karanta layi ne ya aikata, ya karanta na gaba ya aikata, kamar amaryar da ke koyon girki daga littafi. Wannan salon yana nan, amma na ranar matsala ne, kamar inji ya mutu ko hayaƙi ya tashi, a nan ake jawo wani littafi mai kauri a bi shi layi bayan layi. A tafiya ta yau da kullum kuwa, hannu ne ke fara aiki daga ka. Matuƙi yana bin maɓallai bisa wata hanya da ya haddace, daga wannan sashe zuwa wancan, kullum hanya ɗaya. Sai ya gama sannan a ɗauko kati, kuma katin bai ƙunshi komai da komai ba, sai 'yan abubuwan da mantawa da su ke kashe mutane. Da an cika shi da layuka hamsin, da an gaji an fara tsallake.

A ɗakin tuƙi mutum biyu ne, kuma a kowace tafiya ana raba aiki. Ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana sa ido, yana magana da hasumiyar da ke ba jirage hanya, yana karanta kati. Ba dole kyaftin ne mai tuƙi ba. Sau da yawa idan shi ya kai jirgi Abuja, mataimakinsa ne zai dawo da shi Katsina. Mai sa ido zai ambaci abu, mai tuƙi ya kalli abin da idonsa, sannan ya faɗi halin da ya same shi. Ba a yarda da amsar "eh" ko "an yi" ba a kan muhimman layuka. Idan an ambaci tayoyi, amsar ita ce "suna ƙasa". Idan an ambaci leɓen fiffike, wato ɓangaren bayansa da ake zurowa idan za a sauka, sai an faɗi lambar da yake kai. Mai karantawar shi ma yana kallo. 'Yan kasuwa kan ce ko tsintar kuɗi ka yi ka ƙirga, to a nan mutum biyu ne ke ƙirgawa. Da Turanci suke faɗin kalmomin, ni ma'anarsu nake kawowa.

Shirin sauka yana farawa tun fasinja bai gama shan ruwan da aka miƙa mashi ba. Matuƙa na da wani lissafi na ka: kowace ƙafa 1,000 da za a sauko tana cin mil uku na teku, wato kilomita biyar da rabi. Jirgin da ke ƙafa 30,000 yana buƙatar mil 90, kusan kilomita 165. Ke nan wanda ya miƙo daga Abuja, tun yana wajejen Funtuwa ya kamata ya fara gangarowa. Kafin nan dole an gama zancen baki, don da an fara sauka hankali ya rabu.

Da farko a nemi labarin yanayi daga ƙasa: ta ina iska ke busowa da wane ƙarfi, nisan da ido ke gani, zafi, da nauyin iska. Titin jirgi baki biyu gare shi, kuma jirgi yana son ya sauka yana fuskantar iska, don ta rage mashi gudu a kan ƙasa. A hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juya ta fito daga kudu maso yamma, saboda haka gefen garin da kake hangowa ta taga a Janairu ba lalle shi za ka gani a Agusta ba. Sai a lissafa gudun da za a sauka da shi bisa nauyin jirgi a wannan lokacin. Jirgin da ya ciko da alhazai da kayansu ba zai sauka da gudun wanda rabin kujerunsa babu kowa ba. A Boeing 737, irin wanda ake yawan gani a tafiye-tafiyen cikin gida, lambar takan faɗo wajen kilomita 250 a awa.

Sannan mai tuƙi ya faɗa wa abokinsa da baki duk abin da yake niyyar yi: ta wane baki zai shiga, wane tsayi ne iyakar da zai sauko idan bai ga titi ba, idan aka fasa sauka ina za a juya kuma a hau zuwa ƙafa nawa, man da ya rage zai ba su damar jira na minti nawa, kuma wane fili za su nufa idan Katsina ta ƙi. Amfanin faɗa da baki shi ne na gefe ya san abin da zai jira, ta yadda da ya ga an kauce zai gane. A 737, takardar wannan mataki layi biyar ce kawai: an sa wa na'urar matsin iskar cikin jirgi tsayin filin da za a sauka, an duba ko akwai wata fitilar gargaɗi da ta ɓuya, an zaɓi ƙarfin birki, an sa gudun sauka da iyakar saukowa, an yi bayanin baki. Layin farko shi ke da alaƙa da toshewar kunnen da kake ji. Filin Umaru Musa 'Yar'aduwa yana kusan mita 500 sama da teku, kuma sai an faɗa wa na'urar haka za ta riƙa ƙara iska a hankali har ta daidaita da ta Katsina lokacin da za a buɗe ƙofa.

Takarda ta gaba layi ɗaya ce tak, ma'aunin tsayi. Ni a ganina a duk tsarin babu layin da ya kai shi ban tsoro, don kuskurensa ba ya yin ƙara, ba ya kunna fitila.

Ma'aunin tsayi ba ƙasa yake aunawa ba, nauyin iska yake aunawa. Duk yadda ka hau sama iska na raguwa, shi kuma sai ya juya raguwar zuwa ƙafafu. Matsalar ita ce nauyin iska a ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya, na safe daban na yamma daban, na Katsina daban na Legas daban. Can sama an warware wannan da yarjejeniya: kowane jirgi a duniya yana sa lamba ɗaya, 1013, don ko lissafin ya kauce, ya kauce wa kowa daidai, ba za a yi karo ba. Amma idan aka sauko kusa da ƙasa, inda akwai duwatsu da eriya da dogayen gine-gine, dole a cire wannan lambar a sa ta gaskiya ta filin, wadda jami'in hasumiya zai faɗa ta rediyo. Kuskuren maki ɗaya yana karkatar da ma'auni da kusan ƙafa 28.

Ranar 23 ga Mayun 2022, wani Airbus A320 da ya taso daga Sitokhom yana shirin sauka a babban filin jirgin Faris cikin ruwan sama. Lambar gaskiya 1001 ce, amma aka faɗa masu 1011 daga hasumiya, suka maimaita ta, suka sa. Bambancin maki goma, wato ƙafa 280, ya fi Hasumiyar Gobarau biyar an ɗora wata kan wata. Duk abin da ke gabansu yana nuna masu suna daidai, alhali suna ƙasa da hanyarsu. Da suka kai iyaka ba su ga titi ba suka fasa sauka, kuma kafin jirgin ya fara hawa, tazarar da ta rage tsakaninsa da ƙasa ƙafa shida ce, tsayin dogon mutum, kuma tun bai kai titin ba. Babu wanda ya ji ciwo, matuƙan ma ba su san abin da ya kusa faruwa ba sai daga baya. Abin lura a nan, takardar an karanta ta, ma'auni biyu kuma sun yi daidai da juna. Lambar ce gurɓatacciya tun daga tushe. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su gwada lambar da suka ji a rediyo da wadda ke cikin rahoton yanayin da suka karɓa tun farko.

A ƙafa 10,000 ake kunna fitilun sauka, a rage gudu zuwa kimanin kilomita 460 a awa, a sanar da ma'aikatan cikin jirgi. Daga nan kuma baki ya mutu. A 1981 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta kafa doka cewa ƙasa da wannan tsayin babu hira a ɗakin tuƙi sai abin da ya shafi tafiyar, kuma kamfanonin duniya suka ɗauka. Cikin abin da ya jawo ta akwai hatsarin 11 ga Satumban 1974 a birnin Shalot na Amurka, inda wani jirgi DC-9 ya daki ƙasa cikin hazo kafin ya kai titi, mutum 72 suka rasu. Da aka saurari faifan muryar, matuƙan suna ta hirar siyasa da motocin hannu. Mu da ba ma iya zama kusa da mutum minti goma ba a taɓo siyasa ko farashin masara ba, ya kamata mu gane nauyin wannan dokar. Ba a rubuta ta don miyagun mutane ba.

A wannan lokacin ne ake ce maka ka miƙar da kujera, ka ninke teburi, ka buɗe taga. Su ma ma'aikatan bitarsu suke yi, kuma sai sun gama shugabarsu ta sanar da gaba cewa ciki ya shirya.

Fiffiken jirgi an ƙera shi ne don gudun sama da kilomita 800 a awa. Idan gudu ya ragu sosai, iska ba ta iya tallafe shi. Don haka ake zuro wani leɓe daga bayan fiffike, ya ƙara mashi faɗi da lanƙwasa, kamar yadda shirwa ke baza fukafukai idan za ta dira. Wanda ya zauna kusa da fiffike zai ga ana zuro shi mataki mataki, yana jin kukan inji siriri. Kowane mataki yana da gudun da ba a zuro shi sama da shi, in ba haka ba iska ta lalata shi. Tsakanin matakan nan ake saukar da tayoyi, shi ne gum ɗin da ya firgita Inna. Bayan leɓe ya kai matakin ƙarshe, 30 ko 40 a 737, sai mai tuƙi ya nemi takardar sauka. Layi huɗu ce.

Na farko, tartsatsin kunna inji a bar shi yana ci gaba, don ko ruwan sama ya nemi kashe wutar inji ta sake kamawa. Na biyu, allunan saman fiffike suna ɗane. Na uku, tayoyi suna ƙasa. Na huɗu, leɓe yana lambar da aka shirya, fitilarsa kore. Karanta su bai kai daƙiƙa ashirin ba.

Layi na biyu shi ne wanda fasinja bai san da shi ba, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Lokacin da tayoyi suka taɓa ƙasa, fiffike bai daina ɗaga jirgi ba, don har yanzu yana gudu. Nauyin jirgi bai sauka kan tayoyi ba ke nan, birki kuwa ba ya kama tayar da babu nauyi a kanta. Duk wanda ya taɓa taka birkin a-kori-kura babu kaya a kan jiƙaƙƙen titi ya san abin da nake nufi. Allunan nan, da zarar an taɓa ƙasa, suna miƙewa tsaye su wargaza iskar da ke saman fiffike, jirgi ya zauna da nauyinsa. Amma sai an ɗana su tun a sama, kamar tarko. Ranar 1 ga Yunin 1999, jirgin American Airlines mai lamba 1420 ya nufi Litil Rok da dare, matuƙan sun gaji, suna tseren riga hadari isa fili. Cikin gaggawa ba a ɗana allunan ba. Jirgin ya sauka a kan titi mai ruwa, ya yi ta sulɓi har ya wuce ƙarshensa ya daki ƙarafan fitilu. Mutum 11 suka rasu, har da kyaftin ɗin.

Tayoyi kuwa, jan madannin bai isa shaida ba. Shaidar ita ce fitila uku kore, ɗaya ta tayar hanci, biyu na manyan tayoyi, kuma ba sa kamawa sai kowace ƙafa ta miƙe ta kulle. Idan an manta gaba ɗaya, akwai ƙaho da ke kuka, akwai kuma murya daga na'ura da ke cewa an yi ƙasa babu tayoyi. A makarantun koyon tuƙi, irin ta Zariya da aka kafa a 1964, da ƙananan jirage ake fara ɗalibi, kuma malamai da yawa kan sa ɗalibi ya riƙa ambaton tayoyi kafin sauka ko da jirgin da yake ciki tayoyinsa ba sa naɗewa, don bakinsa ya saba tun kafin ranar da zai buƙata.

Duk da waɗannan matakan an yi rashin. Ranar Juma'a 22 ga Mayun 2020, ana saura kwana biyu ƙaramar Salla, jirgin PIA, kamfanin jiragen Pakistan, mai lamba 8303 ya taso daga Lahor zuwa Karaci. Ya iso kusa da fili yana sama fiye da kima, yana gudu fiye da kima. Jami'in da ke ba su hanya ya yi ta nuna masu haka, ya ba su damar su zagaya su rage tsayi, kyaftin ya ce babu damuwa. An saukar da tayoyi, daga baya aka mayar da su ciki, gargaɗi iri iri yana kuka a lokaci ɗaya, har suka dira a kan injinansu, suka goge su da titi, suka sake tashi. Injinan biyu suka mutu, jirgin ya faɗa unguwar da ke kusa da fili. Cikin mutum 99 biyu ne suka rayu, aka kuma rasa mutum ɗaya a ƙasa. Ministan sufurin saman Pakistan ya shaida wa majalisa cewa matuƙan hirar cutar korona suke ta yi. Tayoyin su ne abin da kowa ya riƙe, amma ɓarnar ta faru tun kafin nan, lokacin da aka ƙi yarda cewa saukar ta lalace.

Don irin wannan ne aka sa wata ƙofa a ƙafa 1,000 sama da fili idan ana cikin gajimare ko hazo, ƙafa 500 idan gari garau ne. Kafin a kai nan dole komai ya zauna: tayoyi a ƙasa, leɓe a matakin ƙarshe, gudu daidai, jirgi a kan hanyarsa mai gangarar digiri uku, ba ya zubowa fiye da ƙafa 1,000 a minti, takarda kuma an gama ta. Idan ɗaya ya rage, ba a gyara a ƙasa da nan, sai a fasa. Daga ƙafa 1,000 zuwa ƙasa bai wuce minti ɗaya da rabi ba.

Takardar tana da nata lahani, kuma matuƙa sun san shi. Wanda ya amsa "suna ƙasa" sau dubu uku, bakinsa zai iya faɗa ba tare da idonsa ya je wurin ba, kamar yadda mukan amsa "lafiya lau" muna kwance da zazzaɓi. Sannan katsewa: ana tsakiyar karatu hasumiya ta yi kira, a dawo a ɗora daga layin da ke gaba da wanda aka tsaya. Shi ya sa ake horar da su cewa idan an katse su kuma suna shakka, su koma farko.

Wani lahanin shi ne takardar ta gano matsala, matsalar kuma ta cinye hankalin kowa. Daren 29 ga Disamban 1972, jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401 yana shirin sauka a Mayami ta Amurka sai fitilar tayar hanci ta ƙi kamawa. Sun yi daidai da suka fasa sauka, suka hau ƙafa 2,000, suka bar wa na'ura tuƙi. Sai duk mutanen ɗakin suka taru a kan fitilar. Cikin haka aka ɗan taɓa sitiyari, na'urar ta saki riƙon tsayi, jirgi ya yi ta sulalewa cikin duhu har ya faɗa fadama. Mutum 101 suka rasu. Tayar kuwa tana ƙasa a kulle, ƙwan fitila ne ya ƙone. Bayan shekara shida, a Disamban 1978, wani DC-8 na United ya yi kusan awa guda yana zagaya Fotlan saboda shakkar tayoyi, har mansa ya ƙare ya faɗi, mutum goma suka rasu. Na ƙasa da kyaftin ɗin sun ga mai yana ƙarewa, sun kuma faɗa, amma da irin faɗar da yaro ke yi wa babba, a kaikaice, ana lallaɓawa. Daga waɗannan aka fito da horon da a yau kowane matuƙin kamfani ke yi, kan yadda za a raba aiki da yadda ƙarami zai tsayar da babba.

Nan ne zancen ya zo gida. Mu mun tashi a inda yaro ba ya ce wa babba ya yi kuskure, sai dai ya ce, "Yallaɓai, ko a sake dubawa?" Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a ƙafa 500 babu lokacin ta. Sai dai ban yarda da masu cewa al'adarmu ba ta san gyaran na gaba ba. Kowace rana muna yi. Liman ya tashi zuwa raka'a ta biyar, yaro ɗan shekara goma sha biyar a sahun baya ya ce "Subhanallah", kuma babu wanda zai kira shi marar kunya, liman ma ba zai ji haushi ba. A tahajjud, alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka yana jan salla, amma a bayansa akwai mai sauraro da zai ɗora shi idan ya sarƙe. Malamanmu sun ware babi guda a kan rafkanuwa, da ƙabli da ba'adi, don sun san mai ilimi ma yana mantuwa. Abin da ya sa gyaran bai zama raini ba shi ne an tanadi lafazinsa tun kafin a tayar da salla, kowa ya san shi. Takardar bita haka take yi wa mataimakin matuƙi. Ba sai ya nemo dabarar faɗa wa kyaftin mai furfura cewa ya manta ba, layin yana rubuce, aikinsa ne ya karanta. A kamfanoni da yawa ma, idan ɗayansu ya ce a fasa sauka, ko wane ne, fasawa ake yi, bayani sai daga baya.

Mu a Katsina hazo ne ke yawan kai mu ga wannan. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da daga Ƙofar Soro ba ka hango ƙarshen titi. Kowace hanyar sauka tana da iyakar tsayi da aka rubuta mata. Inda akwai na'urar jagora mai aiki sosai iyakar takan kai ƙafa 200, inda babu kuwa ta fi haka nesa da ƙasa. Da an kai wurin, na'ura ko mai sa ido zai sanar, mai tuƙi kuma amsa biyu kawai gare shi: ya ga titi zai ci gaba, ko bai gani ba zai tashi. Daga ƙafa 200 abin da ya rage bai kai daƙiƙa ashirin ba, shi ya sa aka yanke shawarar tun a wajejen Funtuwa.

Abin da fasinja ke ji a lokacin shi ne injina sun yi ruri, bayansa ya manne da kujera, salati ya tashi daga kowane sahu. A gaba kuwa jerin aiki ne da suka maimaita sau da yawa a na'urar horo: a ba da wuta, a rage leɓe mataki, a tabbatar jirgi yana hawa, a naɗe tayoyi, a bi hanyar da aka faɗa tun farko. Tunda tayoyi sun koma ciki, allunan fiffike kuma an kwance su, duk bitar da aka yi ɗazu ta tashi. Idan za a sake gwadawa, sai an sake karanta layi huɗun nan daga farko. Idan kuma man jira ya kusa kaiwa lambar da aka ajiye, babu gwaji na uku, sai a juya hanci zuwa Kano, ka sauka a filin Malam Aminu Kano ka kira gida ka ce kada a jira ka da abincin rana, akwai kilomita 170 na mota a gabanka.